Yaushe ciki ke shiga? Amsa ga matar da maigidanta ke hanyar Apapa zuwa Kano

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 26, ina zaune a Agege, wata 11 ke nan da aurena kuma ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Al'adata tana zuwa duk bayan kwana 32 zuwa 34, ina yin kwana 6 in yi wanka. Maigidana direban tirela ne, yana ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Kano, bai fi ya yi mako ɗaya a gida cikin wata ba. Goggona ta ce ciki na shiga ne da zarar mace ta yi wankan tsarki, wata ƙawata kuma ta ce rana ta 14 ce. Shi ya sa nake roƙonsa ya riƙa dawowa ranar da na yi wanka, ya tafi a rana ta 14. Har yanzu shiru, dangi sun fara magana. Ko dai ina da matsala ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki. Ban duba ki ba, don haka ba zan yanke hukunci a kan lafiyarki daga nesa ba, amma abin da kika rubuto ya nuna mini wani abu ƙarara: maigida yana barin gida ne daidai lokacin da ya kamata a ce yana shigowa.

Bari mu fara da ƙirge. Ranar da kika fara ganin jini sosai ita ce rana ta ɗaya, ba ranar wanka ba. Daga nan ake ƙirgawa har zuwa jajibirin wata al'adar. Abin da ya faɗo tsakanin kwana 21 da 35 lafiya ƙalau ne, to naki na 32 zuwa 34 ba ciwo ba ne. Yadda yake zuwa a kan lokaci ma alama ce mai kyau cewa kina sakin ƙwai duk wata.

Inda gizo ke saƙar shi ne wannan rana ta 14 da kowa ya haddace. Zagayen al'ada kashi biyu ne. A kashi na farko ƙwai yana nuna a ma'ajiyarsa, kuma wannan kashin ne ke bambanta tsakanin mace da mace: na wata ya nuna cikin kwana 10, na wata sai ya kai 20. Kashi na biyu, daga fitar ƙwai zuwa zuwan jini, shi kusan a tsaye yake, kwana 14 ne ko kusa da haka ga yawancin mata. Saboda haka ba daga gaba ake ƙirga 14 ɗin ba, daga baya ake cire ta. Mai zagayen kwana 28 ta cire 14, saura 14, ita ce maganar ƙawarki ta dace da ita. Ke kuwa 32 a cire 14 saura 18, 34 a cire 14 saura 20. Ƙwanki yana fita ne tsakanin rana ta 18 da ta 20, lokacin da maigida ya riga ya yi nisa a hanyar Arewa.

Ita ma goggo ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ga wasu mata ta faɗa. Mace mai gajeren zagaye, a ce kwana 24, tana sakin ƙwai wajen rana ta 10. Idan ta yi kwana 6 ko 7 tana jini, to tana wanka tana shiga kwanakin ɗaukar ciki. Irin waɗannan ne ake ce musu da sun yi tsarki sai ciki. Kowace mace da lissafin da ya karɓe ta.

Ƙwan mace idan ya fito ba ya jira. Sa'a 12 zuwa 24 yake yi, in bai haɗu da ƙwayar maniyyi ba sai ya lalace, sai kuma wani watan. Maniyyi ne mai juriya, yana iya kai kwana 5 da rai a jikin mace idan ya tarar da ruwan bakin mahaifa mai kyau. Haɗa biyun ya ba mu kwana 6 a wata: biyar kafin fitar ƙwai da ranar da ya fita. Wani bincike da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka wallafa a 1995, bayan sun bi mata 221 a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya gano cewa duk cikin da aka samu a cikinsu daga saduwar waɗannan kwanaki shida ne. Mafi albarka a ciki su ne kwana biyun da ke gaban fitar ƙwan da ranar kanta. Ma'ana, gara maniyyi ya riga ƙwai isa ya jira shi. Su dai waɗannan masana sun sake nunawa a 2000 cewa mata kusan 30 cikin 100 ne kawai kwanakinsu na ɗaukar ciki ke faɗawa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17, inda littattafai suka saba ajiye su. Kin ga ba ke kaɗai lissafin littafi ya ruɗa ba.

To a wurinki ƙofar tana buɗewa wajen rana ta 13, ta rufe a rana ta 20, kuma tsakiyarta daga 16 zuwa 19 ce. Makon da maigida yake yi a gida, daga rana ta 7 zuwa ta 14, ɗan bakin ƙofar kawai yake taɓawa. Ku zauna ku duba kalanda tare, ya daidaita lodinsa yadda hutunsa zai faɗo daga rana ta 14 zuwa ta 21, ku riƙa saduwa kullum ko bayan kwana ɗaya. Na san aikin tashar jiragen ruwa ba a hannun direba yake ba, layin Apapa kaɗai kan cinye wa mutum kwanaki. In makon bai samu duka ba, ya yi ƙoƙarin kwana uku ko huɗu na tsakiya. Ga ma'auratan da ke kwana gida ɗaya kullum, ba na ma son su wahalar da kansu da kalanda. Saduwa duk bayan kwana biyu ko uku tun daga wanka ta wadatar.

Jikinki ma yana ba ki labari, kuma na fi yarda da shi a kan manhajar waya, wadda hasashe kawai take yi da lambobin da aka ba ta. Idan ƙwai ya kusa fita za ki ga wani ruwa mai santsi da yauƙi, garau kamar farin ɗanyen ƙwai, in kin ja shi tsakanin yatsu biyu sai ya miƙe. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawan matan da ke zuwa mini sun sha maganin sanyi saboda wannan ruwan, wasu har da wanke ciki da sabulu ko cusa kayan matsi don ya bushe, alhali shi ne ke raya maniyyi ya kai shi inda ƙwai yake. Ruwan ciwo daban ne, yana zuwa da wari ko ƙaiƙayi ko canjin launi. Wannan mai yauƙin ki bar shi, ranar da kika gan shi ranar ɗaukar ciki ce. Wasu kuma sukan ji ɗan ciwo a gefe ɗaya na mara.

Akwai tsinken gwajin fitsari da ake sayarwa a manyan kyamis, mai auna sinadarin LH wanda ke tashi sa'a 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fita. Ki fara gwadawa daga rana ta 15, da rana ko da yamma, sau ɗaya kullum, har ki ga layi na biyu ya yi duhu kamar na farko. Amma kada ki jira tsinke ya nuna sannan ki kira mutumin da ke Kano, tirela ba ta cin kusan kilomita 1,000 a dare ɗaya. Amfaninsa gare ki shi ne ki yi wata biyu ko uku kina rubuta ranar da ya nuna, ki san taki ranar, ku tsara tafiya a kanta.

Ko an dace da rana, ba duk wata ciki ke shiga ba. Ga ma'aurata masu lafiya da matar ba ta kai 30 ba, damar kowane wata ba ta wuce 20 zuwa 25 cikin 100, amma fiye da 80 cikin 100 suna samu kafin shekara ta zagayo idan ana saduwa a kai a kai. Wata 11 ɗinki ba cikakku ba ne a wannan ma'aunin, tunda yawancinsu sun wuce babu haɗuwa a kan lokaci.

Duk da haka ba zan ce ki naɗe hannu ba. Ƙa'idarmu ita ce a fara bincike bayan shekara ɗaya, ko wata 6 ga wadda ta kai 35. Ku gwada sabon lissafin na wata uku zuwa huɗu, in shiru ku je asibiti. In kuwa kina da matsanancin ciwon mara, ko jini mai yawa da gudaji, ko nononki na fitar da ruwa, ko an taɓa yi miki aiki a ciki, ko kin yi fama da ciwon sanyi mai tsanani, kada ki jira, domin toshewar bututun ƙwai na daga manyan dalilan rashin haihuwa a ƙasar nan kuma lissafi ba ya buɗe shi. Asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja bai yi miki nisa daga Agege ba, ga kuma LUTH a Idi-Araba, duka suna da sashen mata. Za a yi sikanin, a ɗauki hoton mahaifa da bututunta, a kuma auna sinadarin furojestaron a jini don tabbatar da fitar ƙwai. Wannan awon ana ce masa na rana ta 21, amma asalinsa kwana 7 ne kafin al'ada mai zuwa, wato wajen rana ta 26 a wurinki. Ki gaya musu tsawon zagayenki, in ba haka ba sakamako zai iya cewa ba kya yin ƙwai alhali kina yi.

Kuma ku je tare. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akwai hannun namiji a ciki, shi kaɗai ko tare da matar, awon maniyyi kuwa ya fi duk gwaje-gwajenki sauƙi da araha. Wannan ba zargi ba ne ga maigida, ki faɗa masa cikin hikima lokacin da ya huta.

Kafin nan ki fara shan folik asid, maikurogiram 400 kullum, don kare ƙwaƙwalwa da lakar jariri tun makonnin farko. Kada ki bari kowa ya saya miki Clomid, maganin da ke sa ƙwai ya fita, a kyamis ba tare da likita ba. Mai sakin ƙwai da kanta ba ta da buƙatarsa haka kawai, kuma yana iya busar da wancan ruwan da muke nema. Ki sami ɗan littafi yau, ki rubuta ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, ki ƙirga zuwa 14, ki gaya wa maigida kwanan watan da ya faɗo. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba.