Amsa: maƙwabcina na yi mini habaici don ni Kirista ne

Ɗan'uwa sannu da haƙuri. Ka ce mutumin baya amsa gaisuwarka, kullum sai habaici, kana tambaya ko ka rama. Don Allah kar ka rama. Romawa 12:18 ta ce iyakar ƙoƙarinka ka zauna lafiya da kowa, kuma mu nan Damagaram mun ga inda zafin rai ke kai mutane a Janairun 2015 da aka ƙone majami'u, amma fa ka tuna maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye wasunmu cikin gidajensu. Ci gaba da gaishe shi ko ya kau da kai, ranar da famfo ya ɗauke ka aika wa iyalinsa bido guda na ruwa. In abin ya kai ga barazana kam kar ka yi shiru, ka samu fasto ku je wajen mai unguwa tare.