Wa ke da iko da dukiyar ƙungiya, amintattu ko shugaba?

Malam, ka tambaya ko amintattun ƙungiyarku ta Unguwar Rogo a Jos suna da ikon hana shugaba raba wa zawarawa jari yadda ya ga dama. Suna da wannan iko, matuƙar an yi wa ƙungiyar rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, kuma kundin tsarin mulkin ƙungiyar ya ba su ikon, domin a idon doka amintattu ne ke riƙe da dukiyar, su ne kuma za a tuhuma idan ta salwanta.

Sai dai a ganina bai dace su zauna suna rabon kuɗi da hannunsu ba. Aikinsu shi ne su amince da kasafin shekara, su gindaya sharuɗɗan zaɓen wanda za a tallafa wa, su kuma bi diddigin littafin ma'aji, shi kuwa shugaba ya aiwatar. A wata ƙungiya da na yi wa sakatare, mun wajabta sa hannun mutum biyu kafin a cire ko sisi daga banki, aka kuma ce duk wanda aka zo kan sunan ɗan'uwansa ya bar ɗakin taro har a gama. Na ga wani dattijo ya ɗauki takalmansa ya fita ba tare da an tuna masa ba, kuma daga ranar gunaguni ya ragu.

Ku duba kundin tsarin mulkinku don sanin mutum nawa ne sai sun halarta kafin shawara ta zartu, sannan kada ku yi sakaci da miƙa wa CAC rahotonku na shekara-shekara.