Amsa ga mai son kai iyali tafkin La Ronge da motar gida

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana Saskatoon, a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, kana son ɗaukar hayar motar gida, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ka kai uwargida da yara uku bakin tafkin La Ronge kwana biyar a ƙarshen Yuni, kuma beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, shi ne babban abin da ke damunka. Beyar na nan, za mu zo kansa. Amma ba shi ke koro mutane gida a kwana na biyu ba. Ruwa ne ke ƙarewa, ko batir ya mutu tsakar dare, ko tankin banɗaki ya cika. Motar kamar gida take a ido, alhali komai nata a aune yake.

Daga Saskatoon zuwa Prince Albert kusan kilomita 140 ne a hanya mai lamba 11, daga can zuwa La Ronge kusan 240 a hanya mai lamba 2. Mota mai tsawon ƙafa 25 tana shan lita 20 zuwa 25 a kowane kilomita 100, wato ka lissafa lita 85 ko fiye zuwa kaɗai. Cika tanki a Prince Albert, ka sake cikawa a La Ronge. Lasin ɗinka na ƙaramar mota ya isa. Rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari saboda rassa da rumfar gidan mai, kuma ka tuna duk kwanar da ka sha bayanta na juyawa ɗaya gefen. Kada magariba ta same ka a hanya, lokacin ne mus ke fitowa, dabbar nan mai girman doki.

Bayan La Ronge hanya mai lamba 102 ce ke miƙewa zuwa Missinipe, kusan kilomita 80, kuma wani ɓangarenta tsakuwa ne. Karanta yarjejeniyar haya kafin ka sa hannu, don kamfanoni da yawa sun hana hawa tsakuwa, in dutse ya fasa gilashi ko taya ta tafi, aljihunka ne. A zuwan farko na fi ba ka shawarar zangon Nut Point da ke gefen gari. Tafkin dai shi ne, da tsibirai fiye da 1,300, ga asibiti da kanti kusa. Hukumar gandun dajin lardin kan buɗe rajistar filaye a Afrilu, masu wutar lantarki su ke fara ƙarewa, akwai kuma kuɗin shiga daban da na kwana.

Nemi fili mai wutar amfiya 30. Wannan wat 3,600 ke nan gaba ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki tana cin kusan 1,500, butar lantarki ma haka, in aka ƙara da na'urar ɗumama abinci sai wuta ta yanke, ka fita ka ɗaga makunni a jikin turke. Ka tabbata sun haɗa maka da ɗan mahaɗin da ke mayar da filogin 30 zuwa 15.

In ba ka samu mai wuta ba, to batir ne rayuwarka, kuma nan mutane ke ruɗewa. Suna ganin hita da gas take aiki, me ya haɗa ta da batir? Fankar da ke hura zafin tana jan amfiya 7 ko 8. Batirin da aka rubuta 100 a jikinsa, in irin na dalma ne, rabi kawai ake ci, in aka wuce haka sai ya fara lalacewa. Fanka ta yi awa huɗu a dare ta cinye kusan 30, ga fitilu, ga famfon ruwa. Dare na biyu sai ka farka cikin sanyi, firji ma ya mutu, don ko da gas yake aiki ƙwaƙwalwarsa na buƙatar batir. Maganin shi ne bargo mai kauri, a rage hita zuwa digiri 14 ko 15, a kunna janareta awa biyu da rana a lokacin da dokar zangon ta yarda.

Duk sanyin da za a yi, kada garwashi ya shiga motar nan. Ba kaskon jin ɗumi, ba na turaren wuta, ba kunna murhun girki don ɗumama ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ɗakin kuma ƙarami ne a rufe, barci kawai za a yi. Danna maɓallin gwajin na'urar gargaɗin hayaƙi da ta gas a gaban mai ba da haya.

Shi firji irin na gas ba shi da injin, ruwan amoniya ne ke zagaye bututu yana gangarowa da nauyinsa. In motar ta karkace sai ruwan ya taru wuri ɗaya, sanyi ya ragu, in aka daɗe a haka bututun ya toshe har abada. Ɗauki ɗan ma'aunin nan na birkila mai kumfa, ka ɗora a ƙasan firjin, ka hau da tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa bisa katako har kumfar ta tsaya tsakiya. Yana ɗaukar dare guda kafin ya yi sanyi, don haka nama ya fito daga gida a daskare.

Tankin ruwa mai kyau lita 110 zuwa 150 yake ɗauka. Shawa na zubar da 6 zuwa 8 a minti, mutum biyar su yi wankan gida sun gama da shi a yini ɗaya. Nan tarbiyyar bokiti za ta yi maka rana: lita 7 ta isa wanka. Alwala a yi ta waje da buta daga famfon zango. Ruwan tafki kuwa, duk haskensa, sai ya tafasa minti ɗaya cur kafin a sha, akwai ƙwayar cutar da ke sa gudawa ta makonni.

Tankunan datti biyu ne, na wanke-wanke da na banɗaki. Tsarki da ruwa alheri ne ga na banɗakin, don abin da ke toshe shi ƙarancin ruwa ne da tarin takarda, sai dai zai fi saurin cika. Bawul ɗinsa a rufe yake zama har ya kai kashi biyu bisa uku. Wanda ya bar shi a buɗe, ruwan zai tsiyaye, kaurin ya taru ya bushe kamar suri. A wurin zubarwa sa safar hannu, ɗaure babban tiyo sosai, buɗe na banɗaki ya gama, ka rufe, sannan ka buɗe na wanke-wanke ruwan sabulu ya ɗauraye tiyon. Bayan nan zuba lita 10 na ruwa ta masai. Fitilun da ke nuna cikar tanki maƙaryata ne, takarda na maƙale musu. Leƙa da tocila.

Yanzu beyar. Baƙin beyar ne ake samu a can, kuma hancinsa yake bi. Kilishi, busasshen kifi, daddawa, manja, man da aka soya kaza, har man goge baki, duk su kwana cikin mota a rufe. Kada a watsa ruwan wanke tukunya bayan bishiya, shara ta tafi kwandon ƙarfe mai makulli kafin a kwanta. In kun haɗu kada kowa ya gudu. Tara yara, yi magana da murya, ku ja da baya a hankali. Feshin barkono na beyar ya zauna a ƙugunka, na cikin durowa ba shi da amfani.

In da hali, ɗage tafiyar zuwa Agusta. Yuni da farkon Yuli kakar sauro ce da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo a bayan kunne da gefen gashi har jini ya fito. Ba sa sa zazzaɓin cizon sauro, amma suna hana zama waje. In Yunin ne dole, manya su shafa maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 30, yara 'yan shekara 2 zuwa 12 kashi 10, a sayi ragar rufe fuska, a sa kaya masu haske. Ruwan tafkin ma a Yuni yana da sanyin da ke ɗauke numfashi, kowa ya sa rigar ruwa kafin ya shiga kwale-kwale. Kamun kifi sai da lasin.

Gobarar daji ba wasa ba ce a yankin, an kwashe mutanen La Ronge a 2015, an sake kwashe su a Yunin 2025. Duba sanarwar lardi kwana biyu kafin tashi da kuma safiyar tafiya, ka tambayi ofishin gandun ko an hana hura wuta. Ajiye motar hancinta na kallon mafita, mai kada ya sauka ƙasa da rabi. Layin wayar kamfanin SaskTel ya fi kamawa, amma da ka bar gari yana ɗaukewa, sai ka sauke taswira a waya tun a gida, ka bar wa wani ranar dawowarka.

A ƙarshen Yuni rana na faɗuwa wajen 9:40 na dare ta fito kafin 4:30, kuma hasken gefen sama ba ya gushewa sarai, don haka tambayi limaminku yadda za ku ƙiyasta isha'i da asuba, ka rubuto lokutan a takarda. Alƙibla daga can arewa ce maso gabas, kusan digiri 32 daga arewa. Tafi da baƙin yadi da matsen shanya ka toshe tagogi, in ba haka ba yara ba za su yarda dare ya yi ba.