Ƙanwata, kafin ki miƙa wa 'yar TikTok kuɗinki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayar ƙanwarmu ta Madina, sai yau na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, ta ce tana sayar da abaya da turaren wuta da dabino daga gida, ta tara riyal 3,000, tana neman shawara ko ta ba wata 'yar TikTok mai tarin mabiya ta tallata mata, ko ta biya Facebook da Instagram su yaɗa mata hotunanta. Wasu sun ce mata TikTok ke tashe, wasu sun ce Snapchat. Ba su yi ƙarya ba, amma har yanzu ban ga wanda ya tambaye ta su wa take sayar wa ba.

Ƙanwata, shekarata 11 ina wannan sana'a a Jidda. A Makka aka haife ni, kakanmu ta Sudan ya biyo ya zo, kuma shagona da rajistarsa da sunana. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, mu Hausawan nan kasuwa biyu muke ci, kuma ba sa haɗuwa. Akwai kasuwar gida: alhazai, 'yan Umara, da 'yan sari na Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram. Akwai kuma kasuwar nan, ta Larabawa da mazauna. Ta gida tana Facebook da WhatsApp da TikTok, tana son saƙon murya, tana son a yi ciniki a ce "albarka" a ce "ƙara dai", kuma data tana mata tsada, dogon bidiyo ba ya buɗuwa. Ta nan tana Snapchat, wanda masu amfani da shi a Saudiyya sun haura miliyan 20, sai TikTok da Instagram. Balarabiya ba ta ciniki da ke. Tana son ta ga farashi a rubuce, ta biya da katin banki na mada ko Apple Pay, ko ta raba kuɗin kashi-kashi ta Tabby ko Tamara, gobe ko jibi mandub, wato mai kai kaya, ya buga mata ƙofa. In kika yi talla ɗaya don ki kama su duka, kin jefi tsuntsu biyu kin rasa dutsen.

Bari in ba ki labarin 'yar TikTok, don na riga ki shiga wannan ramin. A 2022 na ba wata riyal 2,500 da abaya biyu kyauta. Ba zan kama sunanta ba, kuma ba ta cuce ni ba, ta sa abayar ta yi bidiyon kamar yadda muka yi alkawari. Kwana biyu wayata ba ta huta ba. Mabiya suka ƙaru da dubbai. Na buɗe saƙonni ina murna, sai na tarar rabi "nawa?" ne, in na faɗi farashi shiru. Sauran kuwa masu neman in samo musu bizar aikatau, da masu neman aure, da wani da ya ce in yi masa addu'a a Harami ya ci jarrabawa. Abaya uku na sayar. Uku! Taron tsintsiya ba shara. Daga baya na zauna na duba shafinta da idon basira, na ga mutanenta ba don sutura suke bin ta ba, don habaici da faɗan da take yi da abokan hamayyarta suke taruwa. Wanda ya zo kallon dambe ba ya tafiya da kuɗin abaya a aljihu.

A wannan shekarar ta 2022 dai wata Hajiya daga Kano, mai rako mata Umara duk azumi, ta sayi abaya ɗaya a wurina. Ba ta da TikTok ma. Ta sa hotonta a status na WhatsApp ta rubuta cewa yadin ba ya zafi kuma bai koɗe ba bayan wanki. Kafin Sallah matan da suka zo ta hannunta sun kwashe min kaya fiye da yadda na saba sayarwa a wata biyu, kuma har yau wasunsu na dawowa. Masana harkar talla ma yanzu can suka karkata, manyan kamfanoni na neman masu ƙananan shafuka da mutanensu suka yarda da su. Mu dai tun a gidan biki muka san wannan.

To amma akwai maganar da ta fi wannan nauyi, kuma na lura a zauren nan ba a son taɓa ta: takardu. Nan ba Kantin Kwari ba ne. Tun 2022 duk wanda zai karɓi kuɗi ya yi talla a shafinsa sai ya mallaki lasisin da ake kira Mawthooq, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba an hana shi yin talla ba tare da izini ba. Don haka in 'yar TikTok ɗin a nan take zaune, abu na farko ki ce ta nuna miki lasisinta. In ta fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki. Ke ma kanki, ban san matsayinki ba. In kina da jinsiyya, wato shaidar zama 'yar ƙasa, hanya a buɗe take: ki yi sijilli, wato rajistar kasuwanci, ko takardar sana'ar kai, ki yi wa shagonki na intanet rajista, har ki buɗe a dandalin shagunan intanet irin su Salla, wanda kamfanin Makka ne, ko Zid. In iƙama gare ki, wato takardar zaman baƙo, kada ki bari wani ya ce zai ara miki sunansa. Wannan shi ake kira tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ga tarhil, wato kora daga ƙasa, a kai. Sayarwa tsakanin 'yan uwa a ɓoye daban, talla da kuɗi daban, domin talla shela ce, kin ɗauki lasifika kin gaya wa kowa inda kike, har da hukuma. Ki je ofishin ma'aikatar kasuwanci ki tambayi abin da ya halatta gare ki kafin ki kashe ko riyal ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dokar cinikin intanet ta 2019 ma ki san ta: mai saye yana da kwana 7 ya dawo da kayan da bai yi amfani da su ba, kuma in kika wuce kwana 15 ba ki kai masa ba, yana iya fasa cinikin ya karɓi kuɗinsa. Larabawa sun haddace wannan fiye da mu.

Yanzu batun biyan Facebook da Instagram. Yana aiki, amma ba kamar yadda ake zato ba. Wurin talla gwanjo ne. Ke da manyan kamfanoni kuke takarar idon mutum ɗaya, ana duba tayin kowa da ingancin tallansa kafin a zaɓi wanda za a nuna wa mutumin. Shi ya sa a cikin azumi, da ranar ƙasa ta 23 ga Satumba, da rangwamen ƙarshen Nuwamba da suke kira Farar Juma'a, kuɗin talla ke tashi, ƙaramin ɗan kasuwa ya zuba ɗari biyar ta narke kamar ƙanƙara a rana. Ni a Rajab da Sha'aban nake tallata. Lokacin gwanjon da sauƙi, kuma dama 'yar sari da ke son kayan Sallah dole ta yi oda da wuri kafin kago ya cunkushe. In azumi ya kama, status kawai nake sawa, bayan tarawihi zuwa sahur, lokacin da kowa ke riƙe da waya.

Kada ki danna maɓallin nan mai shuɗi na Boost, na biyan kuɗin yaɗa hoto, ki bar wa Facebook zaɓi. In kika ce masa kina son mutane su so hotonki, zai nemo miki masu danna alamar so, waɗanda ba sa sayen ko allura. Ki zaɓi tallan da in an taɓa shi yake kawo mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki. Ki zaɓi mata, ki zaɓi gari ɗaya ko biyu, kada ki ce Najeriya gaba ɗaya. Riyal 30 a rana na mako guda ya isa gwaji. Ki sa bidiyo biyu daban, ki ɗauki littafi ki rubuta mutum nawa suka yi magana ta kowanne, nawa suka biya. Lissafin da manhajar ke nuna miki kada ki ɗauke shi kamar aya. Tun da Apple ya ba masu iPhone damar hana manhajoji bin sawunsu a 2021, ganin Facebook ya ragu, shi da kansa ya ce abin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a shekara guda. A ƙasar da iPhone ya cika hannun mutane kamar nan, littafinki ya fi gaskiya.

Irin bidiyon kuma, ga abin da na gani da idona. Yanzu an shiga yayin haɗa hoto da ƙirƙirarriyar basira, a sa wa wata kyakkyawa da ba ta taɓa wanzuwa ba abayarki, yadi na sheƙi kamar ruwa. Na gwada sau ɗaya, wadda ta saya ta turo min hoton abin da ya iso mata kusa da na tallan, ta rubuta "Hajiya, ki ji tsoron Allah." Ta yi gaskiya, na goge shi. Abin da ke sayar min da kaya shi ne bidiyon daƙiƙa 20, hannuna a cikin yadin, na ja shi na murza shi kusa da taga, ina magana da Hausa kamar ina gaya wa maƙwabciyata. Ba sai kin nuna fuskarki ba. Dabino kuwa ki tsaga shi a gaban kyamara a ga cikinsa, kuma in ba ajwa ba ne kada ki ce ajwa ne, alhazan yanzu sun waye. Ki kula kada fuskar wani ta shigo miki bidiyo a kasuwa ko a harabar Masallacin Annabi, dokar laifukan intanet ta 2007 tana hukunta cin zarafin sirrin mutum da kyamarar waya, har ɗaurin shekara guda ko tarar riyal 500,000. Zamzam kuma ba hajar talla ba ce, an hana fitar da shi don kasuwanci, duk wadda ta ce ki haɗa mata a kago ki ba ta haƙuri.

In kasuwar gida kika zaɓa, ki faɗi farashi da riyal. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, ba ya motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi ta zamewa, daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. A tsakanin nan na karɓi odar 'yan sari da naira, kafin in canza kuɗin ribar ta tafi har ta taɓa uwa. Tun daga ranar nake cewa ga kuɗinsa da riyal, a duba canjin ranar da za a biya.

Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida. Ina zaune da kayan mutane ban san lambar ko mutum ɗaya a ka ba. Washegari na sayi littafi mai kauri, duk wadda ta taɓa saye na rubuta sunanta da lambarta da garinta da abin da ta ɗauka da tsayin abayarta. Ki sa wa WhatsApp ɗinki makulli na biyu, wato lambar sirri ta PIN, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki, ko da muryar wa ya zo, ki kashe wayar. Mata biyu a zauren nan sun rasa shafukansu ta haka, aka riƙa karɓar kuɗi da sunansu.

Da ni ce ke da riyal 3,000 ɗin nan, bayan na gama da maganar takardu, zan ware 400 in gwada talla na mako biyu a Rajab, in ware abaya uku in ba mata uku da na san ana jin maganarsu a cikin 'yan Umara, sauran kuma in ƙaro kaya, don babu abin kunya kamar talla ta ci a ce kaya sun ƙare. Ki turo min bidiyo biyu daga cikin waɗanda kike sawa, bayan la'asar ina shago, in duba miki hasken da yadda kike faɗin farashi.