Tambaya da Amsa: Hotunan samfur sun fi ƙarfina, ya zan yi in riƙa fitar da su a tare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Pantami cikin garin Gombe, ina yi wa mata masu sana'a dizain a laftof ɗina: masu humra da turaren wuta, masu yaji, da masu kayan rabon biki. Kowacce sai ta ce in ɗora mata tambarinta a jikin kwalba ko leda ko kofi, ta gani kafin a buga. Da kwastomomina uku ne, yanzu sun haura 20. Ɗaya bayan ɗaya nake yi, in buɗe, in saka, in ajiye, har dare ya raba. Fuskar kwamfutata ta cika maƙil da fayiloli, ranar nan har na tura wa wata Hajiya hoton kwalbar abokiyar gasarta. An ce min akwai yadda ake sa Photoshop ta yi su gaba ɗaya. Don Allah ya ake yi?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba, akwai hanyar, kuma zan nuna miki. Amma in kika kunna ta a kan kwamfutar da kika siffanta min, abin da zai faru shi ne a maimakon Hajiya ɗaya ta samu kwalbar da ba tata ba, su 20 ɗin za su samu, cikin minti biyar.

Ni ma an yi da ni. Shekarun baya, lokacin shagona na ɗan lungu a Jekadafari, wani bawan Allah ya kawo aikin kofuna 200 na bikin 'yarsa. Na yi samfur, wanda mu a shago muke ce wa mokof, na tura masa. Ya ce an ɗaga ɗaurin auren da sati ɗaya. Na gyara kwanan wata, na sake turawa, ya ce ya yi. A foldar akwai fayil mai suna "kofi na ƙarshe", da "kofi na ƙarshe 2", da "kofi na ƙarshe sabo". Da yamma na ce wa yaron shagona ya buga na ƙarshe. Shi kuwa ya buga wanda aka rubuta wa na ƙarshe. Sai da muka ƙona kofi 60 da tsohon kwanan wata na leƙo na gani. Kofin da aka gasa wa zane ba ya gogewa. Har yau a ɗaya daga cikinsu nake shan shayi, sauran na raba wa maƙwabta. Ban yi wa yaron faɗa ba, don kama da wane ba ta wane, kuma ni na raɗa wa fayilolin sunan.

Saboda haka ki fara share fuskar kwamfutar nan. Ki buɗe manyan folda biyu kawai. Ta farko ki zuba mata samfuran fanko, wato hoton kwalba, leda, kofi, riga, jaka, waɗanda ba a ɗora wa komai ba. Wannan foldar kamar rumbu ce, ɗiba ake yi, ba a girki a ciki. Ni har kulle nawa nake yi: in ka danna dama a kan fayil a Windows ka shiga Properties, akwai ɗan akwatin Read-only, in ka sa masa alama kwamfuta ba za ta bari ka ajiye wani abu a kansa da kuskure ba. Ta biyu ta kwastomomi ce, kowacce da ɗakinta. A cikin ɗakin kowacce, ƙananan folda huɗu, kuma ki sa musu lamba a gaba don su jeru yadda aikin ke tafiya: 1 abin da ta turo, 2 aiki, 3 na gani, 4 na bugu. Ki yi fankon wannan jerin sau ɗaya, duk sabuwar da ta zo ki kwafa ki canja suna.

Raba "na gani" da "na bugu" shi ne wanda na fi dagewa a kai. Abin da za ki nuna wa Hajiya da abin da za ki kai wurin masu bugu ba abu ɗaya ba ne. Na gani ƙaramin JPEG ne, launinsa na allo, RGB. Na bugu babba ne, ɗigo 300 a kowane inci, kuma in kwali ko sitika mai yawa za a buga, sau da yawa launin tawada, CMYK, za su nema. Na kofi ma a juye ake fitar da shi a takarda, kamar a madubi, don in an gasa ya koma daidai. A folda ta 4 kar ki bar fayil ya wuce ɗaya a kan kowane kaya. In an yi gyara, tsohon ya koma folda ta 2 nan take. Da na yi haka a wancan lokacin, da yarona bai sami abin zaɓa ba.

Sai suna. Ki daina rubuta "na ƙarshe" kwata-kwata, babu kwastomar da ke da ƙarshe. Ga yadda nake yi: 2025-03-14_humra-tumfure_kwalba_03. Shekara, wata, rana, sannan mai kaya, sannan kayan, sannan karo na nawa ne. Shekara ke zuwa farko don in an jera da suna, su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. Ki riƙa sa sifili a gaba, 01, 02, 03, domin wasu manhajojin in sun ga 2 da 10, goma suke sawa a gaba. Kuma duk son da nake wa ƙ da ɗ da ɓ, ba na sa su a sunan fayil. A cikin zane dole ne, wannan mutuncin harshenmu ne. A sunan fayil kuwa, na sha kai filash wurin bugu tsohuwar manhajarsu ta mai da min harafin alamar tambaya. Lambar nan ta ƙarshe kuma ki rubuta ta ƙarama a gefen hoton da kike turawa. In Hajiya ta ce "wancan na jiya nake so", sai ki ce Hajiya duba ƙasa, lamba nawa ne?

To, mu zo kan abin da kika tambaya.

Kusan duk samfurin PSD, wato fayil ɗin Photoshop, da kika sauke daga intanet, akwai wata leya a ciki, ɗaya daga cikin shimfiɗun da aka ɗora suka haɗa hoton, da Photoshop ke kira Smart Object. Ni akwati nake ce mata. An lanƙwasa akwatin daidai da cikin kwalba ko ninkin riga, an ɗora masa inuwa da ƙyalli, duk abin da kika zuba ciki sai ya bi wannan lanƙwasar. Na san kina danna shi sau biyu, ki liƙa zane, ki ajiye, ki rufe. Akwai gajeriyar hanya: ki danna dama a kan leyar ki zaɓi Replace Contents, ki nuna mata sabon zane. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa. Sabon zanen dole ya zama girmansa ɗaya da na cikin akwatin, tsawo da faɗi da yawan ɗigo. In ba haka ba zai shiga ƙarami kamar kan sarki, ko ya tumbatsa ya fita daga kwalbar, ki koma ja da hannu, lokacin da kika so ragewa ya tafi. Don haka ki zauna rana ɗaya ki yanke wa kowane kaya awonsa. Ni na kofi na tsayar da shi a santimita 20 da 9, na rubuta a takarda na manna a bango tare da na leda da na kwalba. Kowane sabon zane a cikin wannan awon ake fara shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kar ki bari sai goman ƙarshe na azumi da masu turare suka yi miki caa.

Aikinki, yadda na fahimta, yawanci tambari ɗaya ne a kan kaya da yawa: Hajiya na son ganinsa a kwalba, a leda, a kwali, a jaka. Wannan shi ya fi daɗin sarrafawa. Tun 2014 Photoshop ta zo da akwatin da ake ɗaure shi da fayil na waje, a maimakon ya haɗiye zanen. Ki yi fayil ɗaya ki sa masa suna, a ce tambari.png, ki ajiye shi kusa da samfuran. A kowane samfur ki danna dama a kan akwatin ki zaɓi Relink to File, ki nuna masa wannan fayil. Yanzu kwalba da leda da jaka duk wuri ɗaya suke kallo. In sabuwar kwastoma ta zo, tambarinta kawai za ki ajiye da wannan sunan, a kan na baya.

Saura ki koya wa Photoshop ta sabunta su da kanta. Ki buɗe samfur ɗaya, ki buɗe tagar Actions, ki danna jan maɓallin naɗi, kamar yadda muke naɗar kaset a da. Ki je Layer, Smart Objects, Update All Modified Content. Ki tsayar da naɗin. Shi ke nan, mataki ɗaya tak kika naɗa. Sannan ki je File, Scripts, Image Processor. Zai tambaye ki foldar da samfuran suke, da inda zai zuba sakamako, ki nuna masa folda ta 3 ta kwastomar. Ki zaɓi JPEG, ki sa ya rage girman zuwa kamar fiksel 1500, ki sa alamar mayarwa sRGB, a ƙasa ki zaɓi naɗin da kika yi. Ki danna Run ki tashi ki ɗora ruwan zafi. Zai buɗe kowanne, ya sabunta, ya ajiye, ya rufe, a cikin wata ƙaramar folda da zai ƙirƙira mai suna JPEG. Waɗannan samfuran masu ɗauri kwafi ne, ki ware musu foldarsu daban da rumbun asali, kuma kar ki matsar da tambari.png ko ki canja masa suna, ɗaurin zai tsinke.

Ranar farko kar ki ba shi 30. Ki ba shi uku, ki buɗe su ki zuƙo ki duba da idonki. Kuma hotunan da zai fitar sunan samfuran za su ɗauka, kwalba, leda, jaka, ba sunan Hajiya ba. Nan ne kuskurenki na ranar nan zai iya dawowa. Kafin ki taɓa aikin wata, ki zaɓe su duka ki danna F2 ki rubuta sunan mai su, Windows za ta bi su da lamba.

In kuma akasin haka ne, zane goma a kan kofi ɗaya, ni gaskiya Replace Contents ɗin nake bi da hannu. Da awo ya daidaita, kowanne bai kai minti ɗaya ba. Akwai ƙananan shirye-shirye da ake saukewa masu yin wannan, amma ba na son saka abin da ban san asalinsa ba a kwamfutar da nake cin abinci da ita. In laftof ɗin ya yi nauyi, wata manhaja mai suna Photopea na buɗe PSD da akwatinsa a cikin burauza kyauta, tana fitar da mutum kunya in an matsu.

Wajen turawa, WhatsApp na matse hoto in kika tura shi a matsayin hoto, ƙananan rubutu kamar lambar waya su dushe. Ki tura shi a matsayin dokumen. Ki kuma faɗa wa Hajiya tun wuri cewa hasken waya daban, tawada daban, musamman shuɗi mai haske da ruwan gwal. Gwal ɗin da take gani yana walƙiya a samfur, a sitika ta talaka ruwan ƙasa-ƙasa zai fito.

Kin san halin wutarmu, kuma laftof ba ya sallama in zai mutu. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, manyan PSD za su cinye shi da wuri, ga kuɗin data. Ni folda ta 1 da ta 4 kawai nake ɗorawa can. Sauran duk ranar Juma'a bayan an sauko nake kwashe su a had-dis na waje.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon bugu a Bolari. Ɗaliban wata Islamiyya su 85 za su yi sauka, kowa na son sunansa a jikin jota. CorelDRAW nake amfani da ita. Sai na rubuta ɗaya-ɗaya?

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Ka jera sunayen a Excel, kowa layinsa, layin farko ka rubuta kan magana kamar "suna", ka ajiye shi a nau'in fayil ɗin da ake kira CSV. A Corel ka shiga File, Print Merge, ka shigo da fayil ɗin, ka dasa gurbin sunan a inda kake so a zanen, zai fitar maka da shafi 85. Ka fara gwada sunan da ya fi kowanne tsawo, in gurbin ya ɗauki irin su Ummukulsum Abdurrahman to zai ɗauki kowa. In akwai sunaye masu ƙ ko ɗ, wajen ajiyewa ka zaɓi CSV mai UTF-8, ka kuma tabbatar salon rubutun da ka zaɓa yana da haruffan, don da yawa daga masu ado ba su da su. Kafin ka buga ko ɗaya, ka fitar da jerin a farar takarda ka kai wa shugaban makarantar ya karanta ya sa hannu a ƙasa.