An Dawo da Wuta, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Zariya. Ina tsakiyar buga wa wata ɗaliba furojet ɗinta aka ɗauke wuta. Bayan kamar minti goma aka dawo da ita, ƙwan shagon ya yi wani irin haske mai kashe ido, sannan ya koma daidai. Tun daga lokacin kwamfutar teburina ko motsi ba ta yi, na danna maɓalli har na gaji. Ta ƙone ke nan? Aikin mutane duk yana ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya tsare gaba. Ka daina danna maɓallin nan, ka zare wayarta daga bango tukuna. Idan akwai abin da ya lalace a ciki, kowace dannawa tana iya ƙara ɓarna.

Hasken da ƙwan ya yi shi ya fi ɗaukar hankalina. Wutar da ake ba gidajenmu bolt 230 ce. Amma idan wayar nitiral, wato wadda wuta take komawa ta cikinta, ta tsinke ko ta yi sako-sako a kan falwaya ko a taransifoma, wutar wani layin tana iya haurawa ta doshi bolt 400, wani layin kuma ta faɗi ƙasa warwas. Shi ya sa za ka ji a unguwa ɗaya an wayi gari wannan firjinsa ya ƙone, wancan talabijin, na ukun caja. Ka tambayi maƙwabtan shago, in su ma sun yi asara a ranar, to mai gyaran wuta ya kamata ya auna layin kafin ka sake jona komai.

Bincike daga bango ake fara shi, a bi waya a hankali har a isa cikin akwatin. Ka jona cajar waya ko fanka a soket ɗin ka gani ko akwai wuta. In kwamfutar a kan ikstenshan take, ka tsallake shi ka kai ta bango kai tsaye, domin waɗannan masu araha su ne suke fara mutuwa. Daga nan sai kan fulogi. Irin namu na Najeriya mai baki uku, wanda muka gada daga Ingila, akwai ɗan fis a cikinsa, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Akwai wani bawan Allah da ya ɗauko kwamfutarsa a adaidaita sahu daga can bayan gari, ya rungumo ta cikin buhu, fuskarsa duk ta sauya saboda lissafin shekara guda na shagonsa yana ciki. Na jona mata wayar shagona, fanka ta ɗauka nan take. Fis ɗin fuloginsa ne kawai ya tsinke. Ya daɗe yana juya ɗan ƙarfen a tafin hannunsa yana hamdala. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ari wayar monita ko ta firinta ka gwada, yawanci bakinsu ɗaya ne. In fis ne, a sayi sabo mai lamba irin ta tsohon. Don Allah kar a naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, wannan ɗabi'ar ta cinye shaguna da dama da gobara. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu fulogi mai zagayayyen baki irin na Faransa, naku ba shi da fis, sai ku canja wayar kawai.

Ka leƙa bayan akwatin kuma. Wasu suna da ɗan makunni kusa da inda waya take shiga, mai alamar I da O. Ya zama yana kan I.

In duk wannan lafiya lau, sai a sauke ragowar wutar da ta maƙale. Waya a zare, ka cire duk abin da ke jone da ita: firinta, filash, wayar intanet, komai. Ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Ka bar ta ta huta minti biyar, sannan ka jona wayar wuta kaɗai ka kunna. Dalili shi ne akwatin wutar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, yana da tsaron kansa. Idan wuta ta zo masa a hargitse yakan kulle kansa, ba zai buɗe ba sai wutar da ke cikinsa ta tsiyaye gaba ɗaya. Kwamfutoci da yawa da aka yanke wa ƙauna a nan suke farfaɗowa.

Ba ta tashi ba? Kai hancinka wajen fankar baya. Ƙaurin roba ko na ƙonanniyar waya ba ya ɓuya, kuma in ka ji shi, fawa fak ya tafi. Wannan ba mummunan labari ba ne kamar yadda kake zato. Shi ne yake tsaye a bakin ƙofa, shi yake karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sauran kayan ciki suke amfani da su. Sau da yawa shi kaɗai yake shan dukan, madabod, wato babban faifan da duk kayan ciki suke jone a kansa, da ma'ajiyar bayanai su tsira.

In Dell ce, yawancin OptiPlex ɗin da suka cika ofisoshinmu suna da ɗan maɓallin gwaji da ƙaramar fitila a bayan fawa fak. Ka jona wuta ka danne shi. Fitilar ta kama fanka ta juya, yana da rai. Shiru, ko dai ya mutu ko wani abu a ciki yana janye shi ƙasa, sai mai gyara ya cire wayoyin ciki ya sake gwadawa. Kwamfutar da aka harhaɗa kuwa, wadda babbar wayarta zuwa madabod take da baki 24, ana gwada ta da ɗan ƙarfen maƙale takarda. A zare wutar bango, a ciro babbar wayar daga madabod, a haɗa ramin koriyar waya, wadda ita kaɗai ce koriya, da na kowace baƙa, sannan a mayar da wuta. Juyawar fanka alama ce, amma mitar auna bolt ce take yanke hukunci: waya mai ruwan ɗorawa ta ba da bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. Idan wayoyin duk baƙaƙe ne, ko bakin ƙarami ne irin na sababbin Dell da HP, kar ka yi kirdado, ka bar wa mai gyara.

Abu ɗaya nake roƙonka: kar ka kwance murfin fawa fak ɗin kansa. Manyan kafasitocin da ke ciki, wato ƙananan gwangwanayen da ke tara wuta, suna riƙe wutar da ta haura bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya. Canja shi ake yi ɗungurungum. Ka ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa a dubo maka mai irin bakinsa da ƙarfinsa.

Maganar aikin mutane kuma, ka kwantar da hankalinka. Abin da ba ka adana ba a lokacin da wutar ta ɗauke shi ne yake cikin haɗari, shi ma Word yakan dawo da wani ɓangare idan aka buɗe shi. Sauran yana kan had-dis ko SSD, wato ma'ajiyar bayanai, kuma ko madabod ya ƙone ana iya ciro shi a jona da wata kwamfutar a kwashe komai. Ka faɗa wa mai gyara da bakinka, a gaban shaida in da hali, cewa ba ka yarda a yi fomatin, wato a goge komai, ba. Kwamfutar da ba ta karɓar wuta ba ta da wata alaƙa da sake ɗora Windows. In an kulle ma'ajiyar da BitLocker, wato makullin sirri na Windows, za a nemi lambobi 48 na buɗewa, galibi suna cikin asusunka na Microsoft.

Tambaya: Injiniya, tawa bayan ɗauke wuta fanka tana juyawa, fitila tana kamawa, amma allo baƙi ƙirin. Wani lokacin tana ƙara ɗit-ɗit.

Amsa: Ɗan'uwa, taka da sauƙi, wuta tana shiga. Ka fara tabbatar monita ɗin kansa yana kamawa, wayarsa kuma ta zauna daram. Sannan ka zare wuta, ka buɗe gefen akwatin, ka taɓa ƙarfen jikinsa kafin ka taɓa komai. Ka ciro RAM, wato ɗan siririn faifan da ke soke a ramin madabod, ka goge bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir, ka kaɗe ƙurar ramin, ka mayar har ka ji maƙallan sun ce ƙas. Ƙurar hunturu tana yi mana wannan ɓarnar sosai. In guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ɗan batiri mai kama da kwabo a kan madabod, CR2032, mai bolt 3. Ka cire shi na minti biyar ka mayar, saitin da ya rikice zai koma na asali. In dama kwamfutar tana yawan mance kwanan wata, ka sa sabo. Ƙarar nan kuma ka ƙirga ta, sau nawa, gajere ko dogo, kowane kamfani yana da fassarar tasa.

Tambaya: Na ga wani jan makunni a bayan kwamfutar da yayana ya aiko mini daga Amurka. In matsar da shi ko za ta tashi?

Amsa: Kar ki taɓa shi sai kin karanta lambar da ke jiki, Malama. Wutar Amurka bolt 120 ce, saboda haka takan zo a kan 115. A nan dole ya nuna 230. In aka jona ta a kan 115, ƙara za ki ji da hayaƙi, fawa fak ya gama aiki. Ki zare waya, ki mayar da shi 230, ki liƙe shi da salatif saboda yara. In an riga an jona ta a haka, sai dai sabon fawa fak.

Tambaya: Ina da sitabilaiza, amma duk da haka kwamfutar kantin maganina ta lalace. Me ya kamata in saya?

Amsa: Alhaji, aikinsu daban-daban ne. Sitabilaiza tana ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta rage ta in ta yi sama, amma tana da nawa, bugun da yake zuwa cikin ƙiftawar ido yakan wuce ta. Kuma in aka ɗauke wuta ba ta da abin ba ka. UPS shi ne mai batiri a ciki, zai riƙe kwamfutar na 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe ta da hannunka. Ƙarami mai VA 650 ya ishi kwamfutar ofis ɗaya da monita. Batirinsa, wanda yawanci mai bolt 12 ne, zafin ƙasarmu yana gajarta masa kwana, saboda haka lokaci-lokaci ka zare shi daga bango ka ga minti nawa zai riƙe. Kar a jona masa injin fotokwafi ko firinta mai leza, wutar da suke ja ta fi ƙarfinsa. Wasu UPS ɗin kuma ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta, sai ka ji suna ta kuka, ka tambaya kafin ka biya kuɗi.

In sitabilaizarka tana da maɓallin jinkiri, ka bar shi a kunne, domin lokacin da aka dawo da wuta shi ne mafi hatsari. A cikin BIOS kuma, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, akwai saitin da yake sa kwamfuta ta tashi da kanta da zarar wuta ta dawo, a Dell sunansa AC Recovery, a HP kuma After Power Loss. A yanayi irin namu na fi son a sa shi a kashe. Da damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, ka zare wayar wuta da wayar intanet duka biyun, tsawa takan biyo ta kowacce daga cikinsu.