Na daina shan madara na koma koren shayi bayan haihuwa, yanzu jiri nake yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malama, sannu da ƙoƙari. Wata huɗu ke nan da na haihu, kuma nono zalla nake ba ɗana. Tun da na gama wankan jego cikina bai koma yadda yake ba, sai wata mai sayar da kayan gyaran jiki a WhatsApp ta ce mini madara ce ke sa mini ƙiba, in bar ta in koma koren shayi safe da rana da dare, wai duk abin da madara ke bayarwa yana ciki, ga shi kuma yana narkar da kitse. Na sayi wanda ta haɗa da kanta a leda. Nauyina ya ɗan ragu, amma ina jin jiri idan na miƙe, gabana yana bugawa, cikina yana murɗawa, yaron ma ba ya barci kamar da. Don Allah mene ne bambancin shayin nan da madara wajen gina jiki? Tsorona kada in cutar da yaron.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaro. Kafin komai, ki ajiye wannan haɗin daga yau, kada ki jira ya ƙare.

Madara abinci ce, koren shayi kuwa ruwa ne da aka jiƙa ganye a ciki. Kofi ɗaya na madarar shanu da ba a cire mata mai ba, wato kusan mililita 250, yana ba da kalori kusan 150, furotin giram 8, mai giram 8, da kalsiyam kusan miligiram 300, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da babban mutum ke buƙata a yini, ban da bitamin B12 da B2. Kofi ɗaya na koren shayi marar sukari ba ya kai kalori 5, babu furotin, babu mai, babu kalsiyam ɗin da za a lissafa. Abin da yake da shi shi ne kafeyin, sinadarin da ke wartsake mutum ya hana shi barci, kusan miligiram 30 a kofi, da sinadaran da ake kira katekin, waɗanda a kansu ne ake ta yabonsa. Ganyensa ɗaya ne da na baƙin shayin da muke sha wurin mai shayi, wajen sarrafawa ne suka rabu, kuma atayan da Buzaye ke dafawa a kan garwashi shi ma koren shayi ne da ake shigowa da shi daga Sin. Ba na ƙin sa ko kaɗan, lafiyayyen mutum ya sha kofi biyu ko uku a yini babu laifi. Amma mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a kullum a kan abin da ta saba ci, kuma kalsiyam ɗin da ke cikin nononki, idan bai zo daga abinci ba, jiki daga ƙashinki yake cirowa. Ke kuwa kin cire abin da ke ba ki, kin sa wanda ba ya ba da komai.

Maganar narkar da kitse ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan kullum sai na ji ta a bakin mata, masu ilimi da marasa shi. A shekarar 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci tana tacewa, ta duba gwaje-gwajen da aka yi da koren shayi a kan masu ƙiba, ta samu cewa ragin nauyin da ake gani ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai a ce ya yi wa lafiya wani amfani ba. To, idan shayin gaskiya bai rage nauyi ba, me ya rage naki cikin 'yan makonni? Murɗawar cikin da kika ambata ita ce ta tona asiri. Koren shayi tsantsa ba kasafai yake sa mutum zaryar bayan gida ba. Da yawa daga cikin abin da ake tallatawa da sunan shayin rage tumbi gauraye yake da filasko ko wani maganin sa zawo, wani kuma da mai sa yawan fitsari, don haka abin da ke fita daga jikinki ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan inda yake. Sikeli ya nuna ragi, mai saya ta yi murna ta sake aika kuɗi, mai sayarwa kuma ta ɗauki hoton saƙon godiya ta ɗora don ta kama wata. Idan sinadarin fotasiyam ya zube da yawa ta hanyar zawo, bugun zuciya kansa yana iya rikicewa. Akwai ma abin da ya fi wannan muni, domin hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko ƙwayoyin da ake yi da tsantsar koren shayi ba su kuɓuta ba: a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 ko fiye na babban katekin ɗinsa a yini ta hanyar ƙwaya yana da alaƙa da alamun lahani ga hanta. Duk wannan a kan kayan da ke da suna da kamfani ake magana. Naki a leda ya zo, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki, kuma wadda ta haɗa shi ba ta taɓa auna jininki ba, ba ta tambayi ko kina da hawan jini ba, ta san sarai jariri yana shan nononki, amma ta ce ki sha sau uku a yini. Ba na ganin wannan a matsayin kasuwanci, wasa da rai ne, kuma abin baƙin ciki shi ne masu jego ake fi farauta, a lokacin da mace ke cikin damuwa da sauyin jikinta, wani lokaci ma da gorin miji ko na dangi a kanta.

Sai batun jini. Shayi, kore ko baƙi, idan aka sha shi tare da abinci yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, zogale, alayyahu da hatsi, kuma idan ya yi kauri ragin yana iya wuce rabi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, ke kuma ga jinin haihuwa da kika zubar. Jiri da bugun gaba suna iya zuwa daga nan, ko daga bushewar jiki, ko duka biyun. Ita ma madara ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, saboda haka kada ki ɗauke ta maganin ƙarin jini. Wannan aikin nama ne, hanta, kifi da wake. Rashin barcin yaron kuwa, kafeyin yana ratsawa cikin nono, jikin jariri kuma yana jinkirin fitar da shi.

Ki koma shan madararki, kofi ɗaya ko biyu a yini. Idan tana kumbura miki ciki, kindirmo ko nono mai tsami sun fi sauƙin narkewa, muddin an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Ki riƙa karanta jikin leda ko gwangwani, domin madarar ruwa mai kauri da zaƙi kusan rabinta sukari ne, kuma farin garin da ake yi don sa wa shayi kawai ba madara ba ne. Idan ƙiba ce damuwarki, sukarin shayi da lemon kwalba da soye-soye za ki fara ragewa, ki haɗa da tafiya a ƙasa. Idan daga baya kina sha'awar koren shayi na gaskiya, kofi ɗaya ya isa, aƙalla awa ɗaya bayan cin abinci, kuma kada a ɗiga wa yaron ko cokali ɗaya.

A cikin makon nan ki je asibiti a auna yawan jininki da hawan jini, a kuma auna nauyin yaron, ki tafi da ragowar ledar ki nuna wa likita. Idan kika ga numfashinki yana sarƙewa, ƙafafunki sun kumbura, ko idonki ya yi rawaya, kada ki jira gari ya waye.